Yadda Muka Tono Gadon Inna

Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya tashe mu, kowa a ƙauyenmu da abin da ya tsaya masa a rai. Wasu kaburburan iyayensu, wasu mangwaron da suka dasa wanda ya fara 'ya'ya ke nan. Ni abin da ya tsaya mini gadon kwanciyar mahaifiyata ne, kuma ba don ina ƙaunar gadon ba.

An riga an nuna mana inda za mu koma, wani fako a kan tudu, ko inuwar kirki babu. Bazara ce, hadari ya fara haɗuwa a gabas, ruwa kuma ya riga ya shanye fadamar da muke noman rake. An ce mana da damina ta sauka zai iso tsakar gida. Yawancin mutane sun tafi. Mu muna cikin na ƙarshe. Gida huɗu aka haɗa mu a babbar mota ɗaya mai bodin katako, za ta zo ranar Laraba da hantsi, sawu ɗaya, ba dawowa.

Inna ta tsufa a lokacin. Idonta ya yi hazo, amma kunnenta da bakinta lafiya lau. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. In tana da saƙo ƙanena take ba, ko da kuwa ina tsugune a gabanta. Haka ta yi ana saura kwana biyar. Mun zo gaishe ta da safe, ta juya wajen ƙanena ta ce:

"Ka gaya wa wancan, in gadon nan ya fita lafiya, na fita. In bai fita ba, ku ja mini ƙyauren ku yi tafiyarku."

Ƙanena ya yi dariya. Ni ban yi ba, na fi shi saninta. Ba a saɓa uwa a kafaɗa kamar buhun dawa a jefa ta a mota mutane na kallo. In ta zauna na zauna ke nan, ni da matata da 'ya'yana, mu jira ruwa.

Gadon na maɗaci ne, baƙi wuluk, ya cinye rabin ɗakin, allon kansa da zanen ganye da aka sassaƙa. Mahaifinmu ya yi haƙar kuza a Riruwai yana saurayi kafin ya dawo noma. Wani Bature da ya tashi komawa ƙasarsu ya bar masa gadon, shi ma Baturen a gidan ya tarar da shi, ba wanda ya san shekarunsa. Inna ta ce a wargaje ya zo a kan jakuna uku tana amarya, a cikin ɗakin aka haɗa shi. A kansa mahaifinmu ya yi jinya, a kansa ya cika. Takan kuma ce da can sai ta taka kujera take hawa, ɗan akuya na shigewa ƙarƙashinsa a tsaye. Ni a hannun kakata na tashi, ban san ɗakin ina yaro ba, ƙanena kuwa an haife shi can baya. Gadon da muka sani bai fi gwiwa ba. Sai muka ɗauka zancen tsufa ne.

Ƙofar ɗakin ba za ta fitar da shi a haɗe ba, ko makaho ya shafa zai gaya maka. Ƙanena ya ce a fasa bango, tunda gidan ma na ruwa ne. Inna ta ce ruwa ya rushe ɗakinta in Allah ya nufa, amma ba 'ya'yanta ba, tana raye tana ji. Ko ba wannan ma, direban motar da ya zo ranar Litinin duba kaya ya leƙa ya ce shi ba ya ɗaukar wannan a haɗe, sai dai in sauran gidaje uku za su bi mu a ƙafa.

Na hau keke na tafi Kafin Maiyaƙi neman kafinta. Duk wanda na samu aiki ya yi masa yawa, kowa na ciro ƙyaure da taga, kowa na neman su. Wani dattijo a cikinsu dai ya tsaya ya saurare ni yana fiƙe zarto. Ya ce irin waɗannan tsofaffin gadaje ba ƙusa a jikinsu, fegi ne na itace. In kankare dauɗar kusurwa zan gan su. In jiƙa su da mai, in yi haƙuri, in fitar da su da itace ɗan'uwansu, kada in kuskura ƙarfe ya taɓa jikin gadon. Kuma in yi wa kowane gefe shaida kafin in raba, don ba kowane rami ke karɓar kowane harshe ba. Harshe yake kiran bakin katakon da ke shiga cikin ramin ƙafa. Na yi godiya na juyo. Abin da bai gaya mini ba, bai san da shi ba ne, ba laifinsa.

Ranar Talata da sassafe muka shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwa, daf da ƙofar ɗakin. Can ta ce za ta zauna. Muka fitar da katifar rimi, muka ɗebe allunan da ke ƙarƙashinta. Matata ta kwashe abin da ke ƙasan gadon, tasoshi da ƙore da wasu ƙulle-ƙulle waɗanda ita kanta Inna ta manta abin da ke ciki. Sannan muka hau kankara. Hayaƙin kaskon wuta na shekara da shekaru da man kaɗanyar da Inna ke shafa masa duk sallah sun haɗu sun zama fata guda, kai ka ce daga kututture ɗaya aka sassaƙo shi. Da bayan wuƙa muka bi a hankali har fegin suka bayyana, biyu a kowace kusurwa. Muka ɗiga musu man gyaɗa muka zauna muna kallon bango. Ƙanena ya ce man nan da a ƙuli-ƙuli ya fi amfani.

Shaidar kuwa da farar ƙasa na yi. Kusurwar da ke kallon gabas layi ɗaya a ƙafa, layi ɗaya a katakon gefe. Ta kudu biyu, haka har huɗu. Da rana ta ɗaga muka fere tsinke mai kauri na ƙirya, muka riƙa ɗora shi a kan fegi muna ƙwanƙwasawa da guntun itace. Na farko ya ba mu wuya, sauran suka biyo. Takwas cif. Ƙanena ya kai wa Inna, ta shafa su ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce da saura. Ya dawo ya gaya mini. Muka sake bin gadon da hannu ta ko'ina, babu. Na ce ƙyale ta, shekara arba'in da wani abu ba kwana biyu ba ne.

Muka kama, shi a kai ni a ƙafa, muka ja. Ko motsi. Muka girgiza, muka sa kafaɗa. Kamar muna ture dutse. Fegi sun fita, ga tsagar mahaɗi muna gani, amma ya ƙi buɗewa ko da faɗin farce.

A nan matata ta leƙo. Ba ta ɗaga murya kusa da surukarta, sai ta yi ƙasa-ƙasa ta ce, Maigida, da kun duba ƙasan tukuna. Zufa na shiga mini ido, rana ta yi tsaka, ban karya ba. Na ce mata ta je ta ji da tukwanenta, wannan ba aikin mata ba ne. Ƙanena, da yake abokin wasanta ne, ya ƙara da cewa kafintar Kafin Maiyaƙi ta iso ba mu sani ba. Ta dube mu ta fita.

Na aika ƙanena ya ɗauko taɓarya. Na tuna kafinta ya ce ban da ƙarfe, to taɓarya ai itace ce. Na naɗe tsumma a jikin ƙafar gadon ta gabas, na daidaita, na buga daga ciki don ƙafar ta buɗe ta saki katakon gefe. Na farko shiru. Na biyu shiru. Na uku na saki ƙarfina duka.

Ƙarar ba ta da yawa. Irin ta busasshen kara in an taka shi. Amma na san ba taɓaryar ba ce.

Daga waje Inna ta tambayi abin da ya yi ƙara. Ƙanena ya ce taɓarya ce.

Ta ce, "Na shekara sittin ina daka. Na san kukan taɓarya."

Na zauna daɓas a ƙasa. Ƙanena ya matso kunnena ya ce akwai zarto a gidan maƙwabci, mu yanke katakan gefe daf da ƙafafu, in mun je can a buga ƙusa, idonta ba zai gani ba. Ba zan ɓoye ba, na kusa yarda. Na gaji. Wata uku ina kwasar azara da hatsi, ina sallamar gonar da ubana ya share, ga shi gado ya zo zai ƙarasa ni. Abin da ya hana ni kawai na san hannunta zai gani.

Muna nan sai matata ta sake shigowa, wannan karon da tsohuwar fartanya da buta cike da ruwa. Ba ta kalle ni ba. Ta durƙusa a gindin ƙafar da na buga, ta tsiyaya ruwa, ta jira, ta kankare da bakin fartanya. Ƙasa ta ɓare kamar ɓawon rogo. Ƙafar gadon ba ta ƙare a nan ba. Ta ci gaba zuwa ƙasa.

Ta ce tun zuwanta gidan nan sau uku aka yi wa ɗakin Inna daɓe tana cikin masu yi, kuma ba a taɓa gusar da gadon ba. Wa zai ɗaga shi? Sai a zuba tsakuwa da ƙasa a kewaye ƙafafun, a shiga ƙarƙashi a rarrafe, a buga da madaɓi, a yayyafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ya bushe. Kafin ita ma haka aka riƙa yi. Daɓe aikin mata ne, ranar da ake yinsa maza ficewa muke yi mu bar musu gidan da waƙoƙinsu, mu dawo mu tarar da ɗaki na sheƙi mu ce madalla. Ba namijin da ya taɓa tambayar yadda aka yi da gado. Sai a lokacin na gane abin da ya sa ɗakin Inna hawa ake yi in za a shiga, kowa kuma sai ya sunkuya a ƙofar.

Ta miƙa wa ƙanena fartanyar ta ce, "Ungo, malam kafinta. Ko ita ma sai an ɗiga mata man gyaɗa?"

Ya karɓa ya durƙusa a gindin ƙafar.

Wanda bai taɓa fasa tsohon daɓe ba, bai san wuya ba. Makuba ta kama shi ya zama kamar dutse. Muka fara da dagi nesa da itacen, kamar taƙi biyu, muka yi wa kowace ƙafa da'ira. In mun matso kusa sai mu ajiye ƙarfe, a zuba ruwa, a jira, a bi da guntun itace da yatsu. Daɓen hawa-hawa ne, wani ja, wani baƙi, wani da tsakuwar rafi wani da fasasshen kasko. Matata na ɗebo ruwa tana gaya wa Inna launin wanda muka kai, Inna kuma daga waje tana faɗin na yaushe ne: wannan na bikin wance, wannan na shekarar fara, wannan na sunan ƙanena. Tun da aka fara tonon muryarta ta canza. Ba ta sake tambayar ƙarar da ta ji ba, ni kuma ban tayar ba.

Mun yi zurfin taƙi ɗaya da 'yan yatsu sai yatsana ya ci karo da itace a kwance. Na share. Wani katako ne ya tashi daga wannan ƙafa ya nufi waccan, a binne gaba ɗaya. Muka bi shi, muka samu ɗan'uwansa a ɗaya gefen. Su ne suka ɗaure ƙafafun ta ƙasa, kowane baki da feginsa. Huɗu. Da takwas ɗin da ke zanen Inna, sha biyu. Ashe ni ina bugun sama, ƙasan a kulle yake, ga ƙasa ta danne. Da na ƙara bugu biyu da ƙafar ta tsage gida biyu. Da mun kawo zarto kuwa, da mun yanke gefe mun bar sauran a binne muna mamakin abin da ya riƙe shi.

Sai wani tsoron ya zo, na gara. Itacen da ya shekara haka a cikin ƙasa, me ya rage? Na ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Ya amsa da ƙarfi, ba irin amsar abin da aka cinye cikinsa ba. Da muka kai gindi muka tarar kowace ƙafa a kan fallen dutse take, an kuma shafe ƙasanta da kwalta, da ita da katakan biyu. Aikin mahaifinmu ne, ya koyo a wurin kuza. Ga shi maɗaci da ɗaci, gara ba ta cika son sa ba. Wuri ɗaya kawai ta ɗan lasa ta bari.

Muka yi azahar a makare, muka dawo muka jiƙa fegin ƙasa da mai. Bayan la'asar suka fita. Na kama ƙafar gabas da hannu ɗaya, don gwaji kawai, sai ta taho. Ba taɓarya, ba kafaɗa. Ƙanena ya tare katakon gefe kada ya faɗi. Cikin abin da bai fi a sha fura ba gadon ya zama itatuwa a jingine da bango. Na dubi ƙafafun a tsaye a waje, dogaye, rabi baƙi rabi ja da ƙasa. Lalle sai da kujera.

Saura ɓarnar da na yi. Harshen katakon gefe ne ya tsage a tsaye, tsawon ɗan yatsa, bai rabu ba amma in ka matsa yana buɗe baki. Ƙanena ya ce in an mayar cikin rami ba mai gani. Na ce na ji. Na ɗauki katakon na kai gaban Inna na tsuguna, na kama hannunta na ɗora a wurin. Rabon da in taɓa hannunta na manta.

Ta bi tsagar da babban yatsa, sama da ƙasa, ta daɗe.

Ta ce, "Wa ya buga?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Sai ta juya wajen ƙanena ta ce maƙwabta sun yanka akuya ɗazu ta sadakar tashi, ya je ya roƙo fatar tun ba ta bushe ba. A yanko ta siriri a naɗe wurin tam, in ta bushe za ta matse. Haka ubanmu ke yi wa ƙotar gatari. Muka yi yadda ta ce, muka naɗe daga inda tsagar ta tsaya zuwa gindin harshen, muka jingine a inda iska ke bi. Game da tafiya kuwa ba ta ce komai ba. Ta sa aka mayar mata da katifarta cikin ɗakin, a ƙasa, a gefen ramukan da muka tona.

Da safe fatar ta yi tauri kamar ƙarfe. Muka naɗe kowane itace da tsohuwar tabarma, muka sa kara a tsakani don kada su gogi juna, muka ɗaure da igiyar rama. Allon kan na hana a kwantar da shi a ƙasan buhuna, na tsayar da shi a jikin bodin motar, katifa ta tare shi. Direba ya ce ko amarya ba a lallaɓa ta haka. Na ce ya tuƙa motarsa.

An gama lodi, mata da yara sun hau, Inna ba ta fito ba. Direba ya danna ham. Na tsaya a tsakar gida, ban san abin da zan yi ba in na shiga ta ce a'a. Sai ga ta ta sunkuyo ta ƙofar, da mayafinta, da butarta, takalmanta a hannu. Ta tsaya ta laluba bakin zanenta ta ji ƙullin fegin na nan. Ta ce wa ƙanena ya tambayi mai motar ko gaba za ta zauna, don ita ba ta hawa kan buhu.

A sabon wurin ba ɗaki ko ɗaya da aka gama. Rumfar zana muka kafa mata a ranar. Na share ƙasa, na nemo fallen duwatsu huɗu na jera. Farar ƙasar da na yi shaida da ita ta ɗan goge a hanya amma ana gani. Muka fara da katakan ƙasa, sannan na gefe, layi ɗaya ga layi ɗaya, biyu ga biyu. Harshen da ya tsage na shafa masa mai na tura shi da tafin hannu, a hankali, ina jin numfashina. Ya shige har inda fatar ta fara. Inna ta kwance ƙullinta tana miƙo fegi ɗaya-ɗaya, ba ta yarda ta ba da biyu a lokaci guda ba.

Da muka jera alluna muka ɗora katifa, na ce kowa ya dakata. Ban taɓa zama a gadon nan ba tunda nake, ba tarbiyyarmu ba ce. Amma na fi kowa nauyi a gidan, in zai karye gara ya karye da ni. Na dafa na hau daidai kusurwar da na buga, na saki jikina duka, na ɗan girgiza. Bai ce komai ba. Na ƙara girgizawa. Shiru.

Na sauka, aka kama Inna ta hau. Ta shafa allon kan, ta gyara matashi, ta kwanta ta juya mana baya, rana ba ta ma faɗi ba. Muka fito muka sakaya mata zana.

Na zauna a gindin rumfar na miƙe ƙafa. Ga bulo ba a buga ba, ga rijiya ba a haƙa ba, ga hadari na haɗuwa. Duk na gan su, ba wanda ya dame ni a ranar. Yunwa ce ta taso mini, irin wadda na kwana biyu ban ji ba. Na ce wa matata in akwai sauran tuwon jiya ta ɗumama mini, ta haɗo da nata mu ci.